Likita ya rubuta wa ƙanwata seleniyam bayan ta haihu, ni ma mai ciki in sha?

Maman Amira ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san abin nan ya taimaka min da bayani, kwana uku ke nan muna ja-in-ja a kansa a gidanmu.

Ƙanwata da ke bi na ta haihu wata biyu da suka wuce, haihuwarta ta biyu. Lafiya lau ta sauka, aka yi suna, ta koma gida wajen Inna wankan jego. Wajen kwana ashirin da haihuwar ƙafafunta suka fara kumbura, muka ɗauka abin masu jego ne. Daga nan sai tari da daddare, sai numfashi. Ranar da na je kwana wajenta na ga abin da ya tayar min da hankali. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci ta jingina da filo uku, da ta ɗan zame sai ta zabura tana neman iska kamar wadda aka danne wa ƙirji. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta dafa bango sau biyu. Na danna mata ƙauri da babban yatsa, har na gama shirya jaririn ramin bai ciko ba. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara kanwa a kunu. Ni dai gari na wayewa na kira mijinta muka ɗauke ta sai asibiti.

An yi mata hoton zuciya. Likita ya ce zuciyar ta buɗe ta yi laushi, ba ta harba jini da ƙarfi, kuma ciwo ne da ke kama wasu mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Kwana tara ta yi a kwance. Aka sallame mu da maganin da ke sa yawan fitsari don ruwan jikin ya ragu, da wasu kala uku, aka hana ta kanwa da gishiri mai yawa. Sun kuma ɗebi jininta. Da muka koma ganin likita sai ya ƙara mata wata ƙwaya, seleniyam, ya ce ta sha ɗaya kullum har wata uku, wai ya yi ƙasa a jininta. A jikin robar an rubuta 200.

To ga inda rigimar take. Inna ta ce tunda ƙarancin wani abu ne a abinci, kuma tukunya ɗaya muka tashi muna ci, kowa ya sha. Ni kuma cikina wata shida, na huɗu. Maigidana ya tsorata, ya je kemis ya sayo roba biyu. Ya kuma ce ya gani a Facebook wai seleniyam yana kare maza daga cutar kansa, don haka shi ma zai sha, ya kai wa Baba. Mijin ƙanwar tawa kuma yana tambaya ko idan ta gama wata ukun za a iya ajiye sauran magungunan, don kuɗinsu ya yi masa nauyi.

Mene ne seleniyam ɗin nan? A wane abinci ake samun sa? Ni in sha ko in bari? Har yanzu ban buɗe robar ba.

Sista Mai Awo ta amsa:

Wa alaikumus salam Maman Amira. Allah ya ba ta lafiya, ya raya jariri, ke kuma Allah ya raba lafiya. Kin kyauta da kika kai ta a ranar, wasu sai ruwa ya cika huhu ake kawo mana su.

Zan fara da maganar mijinta don ita ce ta fi gaggawa. Kar a ajiye ko ƙwaya ɗaya daga magungunan zuciyar nan sai likitan da ya rubuta ya ce a ajiye. Su ne ainihin maganin, seleniyam ƙari ne a kansu. Mace takan ji ta warke sarai, kumburi ya saɓe, tana shara tana girki, alhali idan aka sake hoton zuciyar ba ta koma yadda take ba. Idan kuɗi ne matsalar, ya faɗa wa likita baki da baki, akwai magungunan da ake iya musanyawa da masu sauƙi. Sannan a zaunar da shi a yi maganar tazarar haihuwa tun yanzu. Sake ɗaukar ciki kafin zuciya ta farfaɗo hatsari ne babba ga ranta, kuma wasu daga magungunan nan suna cutar da ɗan tayi.

Ke kuma ki bar robar a rufe, ki sa ta a jaka ki tafi da ita ranar awo. Ki gaya musu abin da ya sami ƙanwarki, don akan samu ciwon nan a dangi ɗaya, kuma hawan jinin masu ciki yana cikin abubuwan da ke janyo shi. Su riƙa duba jininki sosai. Idan kin ga ba ki iya kwanciya sai a jingine, ko tari da daddare, ko haki a tafiyar da a da ba ta gajiyar da ke, kar ki jira ranar awo.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Hajiya, sannu da jinya. Ni aikina koyar da sinadaran jikin ɗan Adam, kuma tambayarki ta faɗo kan abin da na daɗe ina bibiya, don haka ki yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Seleniyam ma'adini ne na cikin ƙasa, kamar ƙarfe da aidin. Wani masani ɗan Suwidin, Berzelius, ya gano shi a 1817. Shekaru sama da ɗari ana yi masa kallon guba kawai, sai a 1957 Klaus Schwarz da abokin aikinsa Foltz suka ga cewa ɓerayen da aka hana shi hantarsu na ruɓewa, da aka ba su ɗan mitsitsi kuma suka tsira. A 1973 aka gano dalili: yana cikin ginin wani furotin da ke share gurɓatattun sinadaran da jiki ke samarwa yayin da yake ƙona abinci da iskar da muke shaƙa. Yanzu an san furotin iri 25 a jikinmu da ba su haɗuwa sai da shi. Wasu suna kare tsoka, zuciya kuwa tsoka ce da ba ta hutawa. Wasu suna aiki a ƙululun nan na gaban wuya, wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo, inda suke mayar da sinadarin da yake fitarwa ya zama mai aiki. Wasu kuma na cikin maniyyi.

Abin da jiki ke buƙata kaɗan ne ƙwarai. Ana auna shi da maikrogiram, wato a raba giram ɗaya gida miliyan a ɗauki ɗaya. A ma'aunin Amurka baligi na buƙatar 55 a rana, mai ciki 60, mai shayarwa 70. Wannan 200 da kika gani a robar ya ninka buƙatarki fiye da sau uku.

Alaƙarsa da zuciya a ƙasar Sin aka fara ganin ta. A 1935 wata cuta ta ɓarke a gundumar Keshan da ke lardin Heilongjiang, zuciya ta kumbura ta gaza, kuma waɗanda ta fi kashewa ƙananan yara ne da mata masu shekarun haihuwa. Daga baya aka lura cutar na bin wani zirin ƙasa mai ƙarancin seleniyam, inda mutane ba su cin komai sai abin da suka noma. Daga 1974 zuwa 1976 aka raba wa dubban yara ƙwayar seleniyam mako-mako a gundumar Mianning ta lardin Sichuan, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, sai cutar ta ragu sosai a cikin waɗanda suka sha ta gaske. Duk da haka ba ƙarancin kaɗai ke kawo ta ba, don takan zo da yanayi, wata shekara ta yi tsanani wata ta lafa. A shekarun 1990 wata mai bincike a Amurka, Melinda Beck, ta nuna cewa wata ƙwayar cuta ta bairos da ba ta cutar da zuciya, idan ta shiga jikin ɓeran da ba shi da seleniyam sai ta rikiɗe ta koma mai cutarwa.

Yanzu mu dawo gida. Ciwon da ya kama ƙanwarki, ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duk duniya. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kansa a Zariya tun shekarun 1970, kuma ƙididdigar da aka yi a Zariya da Sakkwato da Kano duk ta tsaya kusa da mace ɗaya a haihuwa ɗari. A Turai da Amurka ɗaya ce a cikin dubbai. Na Zariya sun ɗora laifin a kan al'adunmu na jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Sai a 1992 wani likita Bafaranshe da ke aiki a Yamai, Cénac, ya auna jinin matan da ke da ciwon ya kwatanta da na masu lafiya, ya ga seleniyam ɗinsu ya yi ƙasa sosai. A 2015 Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka yi irin wannan awon a Kano. Kusan uku cikin huɗu na masu ciwon suna da ƙaranci mai tsanani, a cikin masu lafiya kuwa kusan ɗaya cikin biyar. Babban binciken da suka jagoranta daga baya a asibitoci da dama na Najeriya ya fi danganta ciwon da rama, rashin karatu, rashin sana'a da hawan jinin masu ciki, bai samu cewa wankan jego ne tushensa ba. Amma a gaya wa Inna cikin ladabi, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta gaza ba ta iya ɗaukar wannan nauyin.

A 2020 Farfesa Karaye da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da nake jin shi likitanku ya bi. Mata 100 masu ciwon, waɗanda aka auna aka ga suna da ƙaranci, aka raba su biyu. Duka suna shan maganin zuciya, amma kashi ɗaya aka ƙara musu maikrogiram 200 kullum na wata uku. Waɗanda aka ƙara wa sun fi samun sauƙin haki da kumburi. Sai dai da aka duba ƙarfin harbin zuciya a hoto, babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. Gwajin ƙarami ne, kuma kowa ya san abin da yake sha, su kansu masu binciken sun ce a yi wanda ya fi shi girma. Ni a ganina abin da likitan ya yi daidai ne, ya auna, ya ga ƙaranci, ya cike na ɗan lokaci. Ke ba a auna ki ba, kuma gwajin nan an yi shi ne a kan waɗanda suka riga suka kamu, ba a kan masu ciki lafiyayyu ba.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Ina yi wa mai jego fatan sauƙi. Ni malamin gona ne, kuma maganar Inna ta tukunya ɗaya tana da ƙamshin gaskiya, kar a yar da ita.

Gero da dawa da masara ba su buƙatar seleniyam don su yi yabanya. Abin da suka tarar a ƙasa shi suke zuƙa, shi ya sa za ki ga zangarniya ta cika ta yi kyau amma babu shi a ciki. Ƙasa mai tsami tana riƙe shi gam saiwa ba ta iya ja, ƙasar da ba ta da tsami kuma tana sakin sa. An auna masara a faɗin Malawi an ga haka ƙarara: ta yawancin gonaki ba ta da shi, ta baƙar ƙasar laka ta kwarin kogin Shire kuwa ta ninka ta sau da yawa, kuma jinin mutanen wuraren biyu ya bi abin da ke cikin masararsu. Gidan da tuwo da kunu da fura duk daga gona ɗaya suke fitowa, nama kuma sai sallah, shi ne ke cikin hatsari idan ƙasar ba ta da shi.

Makiyaya a ƙasashe irin su New Zealand sun san haka tun da daɗewa, 'yan raguna da maruƙa suna faɗuwa tsokarsu ta yi fari saboda ciyawar ba ta da shi. A jihar Dakota ta Kudu a Amurka kuma akasin haka ne, ya yi yawa a ciyawa har kofaton dawakai na ciccirewa, gashin wutsiya na zubewa. Finland ce ta yi abin da ya fi burge ni. A 1984 ta fara zuba seleniyam a takin zamani na ƙasar baki ɗaya, cikin 'yan shekaru ya ƙaru a alkama da madara da nama da jinin jama'a, ba tare da an raba wa kowa ƙwaya ba. Da ma a ce masu haɗa taki da ma'aikatun gona a Najeriya da Nijar za su auna ƙasarmu yanki-yanki su duba wannan hanya.

Kafin nan, Hajiya, ki nemi naki a abinci. Ƙwai ɗaya na ba da wajen maikrogiram 15. Kifi yana da shi sosai, ɗanye ko busasshe ko sadin na gwangwani, haka ƙoda da naman kaza da na shanu. Wake da gyaɗa ma suna taimakawa gwargwadon ƙasar da aka shuka su.

Mai Kemis ya amsa:

Yaya, ni saƙona ga maigidanki ne, ki miƙa masa wayar.

Ranka ya daɗe, maganar kansar nan tana da asali, amma waɗanda ke yaɗa ta sun tsaya a rabin labari. A 1996 wani mai bincike a Amurka, Larry Clark, ya fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 1,312 da suka taɓa yin kansar fata. Seleniyam bai hana kansar fatar dawowa ba, amma sai aka ga kamar kansar ƙululun da ke ƙasan mafitsarar maza ta ragu a cikin masu sha. Duniya ta ɗauka, kasuwa ta buɗe. Don a tabbatar, a 2001 aka fara wani babban gwaji mai suna SELECT da maza 35,533 a Amurka da Kanada da Puerto Rico, wasu na shan seleniyam maikrogiram 200, wasu bitamin E, wasu duka biyun, wasu ƙwayar da ba komai. A 2008 aka tsayar da shi tun lokaci bai yi ba saboda babu wata kariya da aka gani. A 2011 aka ga masu shan bitamin E kaɗai kansar ta ƙaru a cikinsu da kashi 17 cikin 100. A 2014 aka sake duba bayanan, aka ga mazan da tun farko seleniyam ɗinsu ya wadata, da suka ƙara da ƙwaya sai mummunan nau'in kansar ya fi kama su. Shi ma gwajin Clark, da aka bi mutanen daga baya, an samu ciwon suga ya fi yawa a cikin masu sha. Don haka don Allah kar ka kai wa Baba. Idan yana fama da yawan tashi fitsarin dare ko fitsari na yankewa, asibiti za a kai shi a duba.

Tazarar da ke tsakanin abin da ya isa da abin da ya yi yawa ba ta da faɗi. Amurka ta sa iyaka a maikrogiram 400 a rana, hukumar abinci ta Turai kuma a 2023 ta sauke tata zuwa 255. A shagona ina ganin yadda ake tsallake wannan ba a sani ba. Mutum na shan maganin ƙarin kuzari mai haɗe-haɗe da ke da seleniyam a ciki, ya ƙara da na ƙarin gashi shi ma akwai, sannan ya sayi tsurarsa. Wasu ƙwayoyin bitamin na masu ciki ma suna da shi, Yaya ki juya kwalin naki ki duba. Akwai kuma gyaɗar Barazil da ake sayarwa a manyan kantuna, ƙwara ɗaya tana iya fin buƙatar yini guda, 'yar ƙaramar cikin tafi kuma ta wuce iyakar.

Alamomin yawansa su ne numfashi mai warin tafarnuwa, ɗanɗanon ƙarfe a baki, zubewar gashi, farce ya yi fari-fari yana karyewa, gudawa da kasala. A gundumar Enshi ta lardin Hubei a ƙasar Sin, farkon shekarun 1960, ƙauyuka sun wayi gari gashi da farce na zubewa saboda ƙasarsu ta cika da shi. A 2008 kuma mutum 201 a jihohi goma na Amurka sun yi rashin lafiya saboda wani maganin ƙarin lafiya na ruwa da aka yi kuskure wajen haɗa shi, seleniyam ɗin ciki ya ninka abin da aka rubuta a kwalba kusan sau 200. Idan za a saya wa mai jego, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma ɗora robar inda yara ba sa kaiwa.

Maman Amira ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Na karanta wa Abban Amira amsar Mai Kemis har sau biyu. Ya yi shiru, sannan ya ce roba ɗaya za a ajiye wa ƙanwata don ta cikashe wata ukunta, ɗayar zai mayar tunda ba a fasa ba. Na duba kwalin bitamin ɗina kamar yadda aka ce, ai kuwa akwai shi a jerin abubuwan da ke ciki.

Jiya na je gida. Inna ta ji daɗi da na ce mata malamin gona ya ce maganarta ta tukunya ɗaya gaskiya ce, daga nan ta saurari sauran. Da hannunta ta ɗauke ƙullin kanwar daga kan kanta ta ba maƙwabciya. Yanzu kunun gyaɗa ake dama wa mai jego da tsamiya, ana dafa mata ƙwai biyu da safe, ni ma na fara sa busasshen kifi a miyar kuka. Filonta ya dawo biyu, kuma ta iya zagaya tsakar gida da jaririn a kafaɗa ba ta dafa bango ba.

Maganar tazara ce ban san ta inda zan ɓullo wa mijinta ba, surukina ne, akwai kunya. Sista, yaya kuke yi?

Sista Mai Awo ta amsa:

Alhamdu lillahi, filo biyu ci gaba ne. Kar ki ɗora wa kanki wannan maganar. Ranar komawa asibiti ki tabbatar ya raka ta da kansa, kuma ya shiga ɗakin likita, kar ya tsaya a waje wajen mashin. Kafin su shiga ki raɗa wa nas ɗin da ke bakin ƙofa cewa ana so likita ya yi masa bayanin sake ɗaukar ciki, ya kuma nuna masa hoton zuciyar da idonsa. Ba kowace hanyar tazara ce ta dace da mai ciwon zuciya ba, don haka likitan ne zai zaɓa musu, kar a saya a kemis. Ke kuma idan kin dawo daga awo ki zo ki faɗa min nawa jininki ya nuna.